Gidan Marayun Khamis

Al Satwa, Dubai
Nuwamba, 2019

Zuwa ga Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna, da Malam, da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Maganar ba ta waya ba ce. Bangon gidan nan ba ya riƙe sirri, kuma 'yata Hafsa ta kai shekarun da ko da ido na yi magana sai ta gane. Shi ya sa na rubuta na ba Alhaji Zainul Abideen, mai kargon nan na Al Ras, tunda ya ce zai shigo Kano.

Yaya, an zo an shafa wa katangarmu jan fenti. Irin lambar da suka rubuta a layin bayanmu bara ce, layin da yanzu babu komai a cikinsa sai fili da maguna. Rushe unguwar za a yi. Mai gidan ya aiko mu nemi wuri kafin zafi ya shigo. Gidan da Khamis ya kawo ni ina amarya, gidan da aka fitar da gawarsa.

Kin san abin da muke rayuwa da shi tun rasuwarsa. Da yake yaran 'yan ƙasa ne, gwamnati tana ba su kuɗin marayu duk wata. Haidar yana da nasa daban saboda lalurarsa, kuma da katinsa yake zuwa gashin ƙashi da makaranta. Sannan ga ɗan taimakon haya. Uku ke nan. Ni ban roƙi ko ɗaya da bakina ba. Sa'id, ƙanen Khamis da kotu ta naɗa waliyyin yaran, shi ya shige gaba ina cikin takaba.

To makon jiya sai ga saƙo a wayata daga hukumar gidaje. Ashe neman gidan da marigayi ya yi tun Hafsa tana goye, wanda har dariya nake masa, ya fito. Sun ce an mayar da shi sunan 'ya'yansa, in je a tantance mu. Na yi sujada a tsakar ɗaki.

Farin cikin bai kai la'asar ba. Jummai mai turare ta unguwar Naif ta shigo, na nuna mata. Ta riƙe baki ta ce, "Ummu, ke ba kya tsoro? Da hannu uku kike karɓa, ga na huɗu kin miƙa? Ranar da kwamfutarsu ta haɗa ki wuri ɗaya, cewa za su yi kin cuci gwamnati." Ta ce akwai wata baƙuwa irina, matar ɗan ƙasa, haka aka kira ta tantancewa, daga nan sai filin jirgi, yaran aka miƙa wa dangin uba. Na ce yaushe aka yi haka? Ta ce ita ma ji ta yi.

Ji ta yi, amma tun ranar abinci ba ya wuce mini wuya. Ni ba 'yar ƙasa ba ce, Yaya. Takardar zamana a jikin yaran nan take rataye. In aka ce in tafi, wa zai juya Haidar in ya gaji da kwanciya ta gefe ɗaya? Wa zai gane maganarsa? Gwaggonsu Moza ko ɗaukarsa ba ta taɓa yi ba.

In je ko kada in je? In na ƙi, gida ya wuce mu, ga katafila tana tahowa. In na je, ban san abin da zan tono wa kaina ba.

Kada ki gaya wa Inna. Dabinon da ke cikin jakar nata ne, turaren naki.

Ƙanwarki,
Ummulkhair

*

Gwammaja, Kano
Disamba, 2019

Ummu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takarda ta iso, dabino ya iso, Inna ta sa albarka. Ƙafa da sauƙi, baki kuwa kin san shi ba ya ciwo.

Na karanta, kuma na ji haushi. Na tsufa a aji ban taɓa ganin ɗalibar da aka ce ta ci jarrabawa ta zauna tana kuka don wata mai turare ta ce ƙila malamin kuskure ya yi ba. Jummai ce gwamnatin Dubai? Tun tana Fagge haka take, in ta ga mutum yana dariya sai ta nemo masa labarin mutuwa. Abin da ba ki sata ba, ba ki yi ƙarya kin karɓa ba, me zai sa ki ɓuya? Su suka ba ki na ɗaya, su suka ba ki na biyu da na uku. Ki yi wanka, ki sa abayarki mai kyau, ki kwashi takardunki ki tafi. In kin zauna gaban ma'aikacin ki tambaye shi da bakinki: ya halatta in haɗa waɗannan da gida ko bai halatta ba? Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga tawa maganar. Shi wannan Alhaji Zainul da kika mayar ɗan aike, kin san abin da ya kawo shi? Ya miƙa takarda, na kawo ruwa, ya sha, bai tashi ba. Ya shiga ya gaida Inna, ya fito, bai tafi ba. Har aka kira magariba bawan Allah yana murza hula a gwiwa. Daga ƙarshe ya ce ko akwai babba namiji da zai gani. Na aika aka kira Kawu Ɗantani. Ummu, aurenki yake nema.

Kin san ni, na bincika. Ɗan Ƙoƙi ne. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, bai sake aure ba, 'yar tana hannun kakarta. Mutanen kasuwar Kwari sun ce kayan mutum ba ya ɓata a hannunsa. Kawu ya ce ke ba yarinya ba ce, sai abin da kika ce. Inna dai tun ranar take tauna goro tana murmushi ita kaɗai.

Khamis mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ya tafi. Ba za ki ƙare rayuwarki kina ɗaga yaro daga keke zuwa gado ke kaɗai ba. Bayanki ba ƙarfe ba ne. Ki yi istihara ki ba ni amsa. Kuma kada ki ce mini ba ki lura da shi ba, ni ba yau aka haife ni ba.

Ki shafa mini kan Hafsa da Haidar.

Yayarki,
Saratu

*

Al Satwa
Janairu, 2020

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Kawu. Na ji faɗa, kuma na yi abin da kika ce. Na je.

Ofis ne mai sanyi kamar cikin firji. Aka ba ni lamba na zauna. Da aka kira ni sai na tarar da wata yarinya da ba ta wuce sa'ar Nuriyyarki ba. Ta karɓe ni da fara'a, ta ce, "Zauna, khala," wato gwaggo. Ta buga sunan Khamis, sai ga mu duka a gabanta: ni, yara, har ranar da aka yi wa Haidar aiki a ƙugu. Ta lissafo taimakon nan uku ɗaya bayan ɗaya tana kallona, ni kuma ina cewa na'am kamar mai amsa laifi.

Na daure na yi tambayarki. Na ce, "'Yata, ya halatta a haɗa mana waɗannan da gida?"

Ta ce, "Wannan ba teburina ba ne, khala. Kwamiti ne zai duba."

Na ce, "In suka ga bai halatta ba fa?"

Ta ce, "Za su kira ki." Sannan ta tambaye ni su wa ke kwana a gidan, ko ina da aiki, ko na sake aure. Na ce ban sake ba. Ta rubuta, ta ce khalas, wato shi ke nan, in jira saƙo.

Ke nan na fita da tambayata kamar yadda na shiga da ita, sai ma ƙarin kalma ɗaya da take bi na har cikin salla: kwamiti. Su waye? Yaushe za su zauna? Duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ranar nan Hafsa ta ce, "Mama, me ya sa kike kallon wayar kamar kunama?"

Maganar Alhaji kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, na lura. Abokin Khamis ne tun marigayin yana aiki a bakin ruwa inda ake lodin jiragen katako. Da ya zo ta'aziyya ya ga tayar keken Haidar ta karkace. Washegari ya aiko aka ɗauka, ya kai Ras Al Khor aka gyara. Tun daga nan in ya zo karɓar saƙon Kano a bakin ƙofa yake tsayawa, amma sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina Janar Haidar?" Yaron nan da ba ya sakewa da kowa sai ya hau dariya har yana shaƙewa. Na yi istihara. Ban ji ƙi a raina ba. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Amma don Allah a bar maganar tukuna har a gama ta gida. Kaina ba zai ɗauki biyu ba. Makwabtanmu 'yan Pakistan masu ɗinki sun tashi jiya. Kullum layin ƙara yin shiru yake.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Ummulkhair

*

Al Satwa
Maris, 2020

Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Hoton wannan takarda zan ɗauka in turo miki, don an ce jirage za su tsaya saboda cutar nan, ni kuma in na ce zan faɗa da baki kuka zai hana ni.

Kuɗin marayu bai shigo ba wannan wata. Na haya ma bai shigo ba. Na je na'urar banki na duba, na koma gida, na sake dawowa na duba. Na kira ofis, aka ce an dakatar da fayil ɗinmu, da na gidan duka, sai an gama bincike. Na ce binciken me? Aka ce in tambayi waliyyin yara.

Ban kai ga kiransa ba sai ga shi. Sa'id da ko yaushe sai ya shigo ya sha gahawa, ranar ko takalmi bai cire ba. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mabruk, Umm Haidar."

Na ce, "Na me?"

Ya ce, "Na aure. A kasuwar kayan yaji na ji, a bakin wani mai sayar da za'afaran. Duk 'yan ƙasarku na Al Ras sun sani, har goro an ci. Mu ne kawai, dangin yaran, ba mu isa a gaya mana ba."

Na rantse masa da Allah babu wanda ya ɗaura mini aure. Ya ce shi dai amanar 'ya'yan ɗan'uwansa ce a wuyansa, don haka ya je ofis ya tambayi matsayinsu in uwarsu ta auri baƙo. Tambayar da ya yi ce ta tsayar da komai, tunda ni na ce musu ban yi aure ba. Yanzu a wurinsu ko ni maƙaryaciya ce ko shi.

Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce gidan ba nawa ba ne, na yara ne, mai riƙonsu ce take zama a ciki. In na yi aure, yana da ikon mayar da maganar riƙo gaban alƙali. Ya ce, "Ba na son in yi haka. Kada ki sa ni." Hafsa tana bayan labule, ta ji duka. Tun ranar ko banɗaki na shiga sai in tarar da ita a bakin ƙofa.

An rufe makarantu. An rufe wurin gashin Haidar. Mai gida ya ce kamfanin rushewa ba ruwansa da cuta.

Na ce a dakata, Yaya. Da hannuna na rubuta. Me kuka yi a Kano?

Ummulkhair

*

Gwammaja, Kano
Maris, 2020

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ba zan yi dogon gaisuwa ba, kunya ba za ta bar ni ba.

Ni ce. Bayan takardarki baffannin Alhaji suka zo da kayan gaisuwa, goro da alawa. Kawu ya ce a ce musu su jira. Ni na ce ai mayar da dattawa da kaya a hannu wulaƙanci ne, tunda kin ce ba ki ƙi ba, a karɓa a ajiye. Da aka karɓa kuma sai na ga goro zai bushe, na raba wa makwabta. Musbahu ɗana ya ɗauki hoton ƙwaryar ya sa a wayarsa ya rubuta Allah ya sanya alheri. Rabin abokansa yaran shago ne a Kwari, iyayen gidansu kuma suna Dubai. Kafin labari ya ƙetare teku gaisuwa ta zama ɗaurin aure.

Na ɗauka Dubai nesa ce. Na ɗauka na fi ki sanin abin da ya dace da ke, kamar yadda na saba ɗauka tun kina rarrafe. Ki yafe mini.

Kawu ya je wajen liman da mai unguwa, sun rubuta shaida cewa ba a ɗaura komai ba, an sa hannu an buga hatimi. Wani malamin Larabci yana fassarawa, gobe zan turo hoton. Ban sani ba ko takardar mai unguwar Gwammaja tana da nauyi a can, amma ita ce abin da hannuna ya kai.

Na so in ce miki in ta ƙi ki tattaro yara ki taho, ɗaki yana nan. Sai na tuna layinmu da damina, na tuna keken Haidar, na fasa.

Inna ba ta san komai ba. Kullum tambayata take yaushe biki.

Yayarki mai neman gafara,
Saratu

*

Al Ras, Deira
Afrilu, 2020

Zuwa ga Hajiya Ummulkhair,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ke da yara kuna cikin kariyar Allah a wannan lokaci na annoba.

Ki gafarce ni da rubuto miki kai tsaye. Da na so in zo in tsaya a bakin ƙofa in faɗa, amma kamar yadda kika ji an rufe Al Ras ruf, ba shiga ba fita. Muna nan a masauki, abinci ma kawo mana ake.

Hajiya Saratu ta sanar da ni abin da ya faru. Laifin nawa ne kafin na kowa. Na zauna a ƙasar nan shekaru, ya kamata in san ƙofar da ake fara bugawa ita ce ta dangin yaran, ba ta Kano ba. Kuma da 'yan'uwa suka fara yi mini barka a kasuwa, dariya na yi na ce a yi addu'a, ban tsaya na gyara ba. Daɗin maganar ne ya rufe mini baki.

Na samu lambar Malam Sa'id na kira shi. Ya kashe, na yi ta kira har ya saurara. Na rantse masa babu aure tsakanina da ke. Na ce duk ranar da aka buɗe hanya zan je kowane ofishi in maimaita, in sa hannu. Bai ce ya yarda ba, amma bai zage ni ba.

Hajiya, na janye maganata. Ba don na canza ra'ayi ba, Allah ya sani. Na zauna na auna ne. Kwantenonina suna tsaye, kasuwar Kano a rufe, ban san ko zan iya sabunta biza ba. Ko da kasuwa tana gudu, abin da zan iya yi wa Janar bai kai abin da ƙasar mahaifinsa take yi masa ba. Ba zan zama sanadin raba yaro da gidansa ba, balle da uwarsa.

Na yi niyyar sa wani ya kawo muku cefane. Sai na tuna aikena ne ya jawo wannan duka, na haƙura.

Ba sai kin amsa ba. Allah ya buɗa muku, ya raya yaran.

Naku,
Zainul Abideen Ado

*

Al Satwa
Yuli, 2020

Yaya,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuto ba, kuma na san kin ɗauka fushi ne. Da fari fushi ne. Daga baya gajiya ce. Na yafe miki tuntuni, ki daina sa Nuriyya tana kirana tana ba ni haƙuri.

Watannin nan ba na fatan maƙiyi ya gan su. Gida biyu ne suka rage a layinmu. Da rana katafila tana aiki a ƙarshen titi, ƙura tana shigowa ta cikin esi. Taimakon Haidar kaɗai ne bai tsaya ba, da shi muka yi azumi. Rashin gashi ya sa ƙafafunsa suka sandare, in jijiya ta ɗaure masa sai ya yi ta ihu ina murzawa. Takardar Kawu na tura, Alhaji ma ya je ya sa hannu da aka buɗe su, amma duk kiran da na yi amsa ɗaya ce: fayil yana gaban kwamiti, sai waliyyi ya janye tambayarsa. Sa'id kuwa ya daina ɗaga wayata.

Ranar wata Talata da hantsi aka buga ƙofa. Na buɗe na ga Moza, yayar Khamis. Rabona da ita tun sadakar arba'in. Ta sa burgar nan ta tsofaffinsu mai ƙyalli, ta ɗora takunkumi a kai, ido kawai ake gani. Ta shigo ba sallama mai kyau, ta dubi tsagar bango, ta dubi akwatunan da na ɗaure, ta ce, "Ina mijin?"

Na ce, "Yana maƙabartar Al Ƙuz inda kuka kai shi."

Daidai nan jijiyar Haidar ta ɗaure. Na bar ta tsaye na durƙusa ina murza masa, Hafsa ta riƙe kafaɗunsa. Da abin ya yi tsanani na ce, "Wani ya tallafe kansa kada ya bugu!" Ban san da wa nake ba. Sai na ga Moza ta zube a ƙasa da tsufanta, ta ɗora kansa a cinyarta. Har ya lafa ba ta motsa ba. Ya buɗe ido ya kalle ta, ita ma tana kallonsa.

Ta ce, "Kullum haka?"

Na ce, "Wani lokaci sau da yawa a yini."

"Ke kaɗai?"

"Ni da Hafsa."

Sai ta cire takunkumin ta share fuska. Ta ce, "Ni na tura Sa'id ofis. Ba gida ne ya dame ni ba, ina da nawa. Na ji tsoro ne ki yi aure ki kwashe su ki tafi ƙasarku, in mutu ban sake ganin idon Khamis a fuskarsu ba. Ban haifa ba, Umm Haidar. Su ke nan gare ni."

Na ce, "Da kin tambaye ni."

Ta ce, "Da na tambaye ki." A nan zaune ta ciro waya ta kira Sa'id. Ban taɓa jin an yi wa mai gemu irin wannan faɗa ba.

Bayan mako biyu kwamitin ya kira mu ta bidiyo, ni da Sa'id. Mutum uku ne, Yaya, har da wata mai shan shayi. Wannan ne kwamitin da ya hana ni cin abinci. Na sake yin tambayarki. Babbansu ya ce kuɗin marayu hakkin maraici ne, na Haidar hakkin lalurarsa ne, babu wanda ya ture wani. Na haya ne kawai zai tsaya ranar da aka ba mu makulli, tunda ba a biyan haya a gidan kai. Ya ce, "Wa ya gaya miki laifi ne?" Na ji kunyar in ce mai turare.

Sun sake mana abin da aka riƙe. Jiya wasu mata biyu suka zo da tef, na ɗauka wani binciken ne. Ashe faɗin keken Haidar suka zo aunawa saboda ƙofofi.

Ya kamata in cika takardar nan da murna. Amma Alhaji ya tafi. Bizarsa ta ƙare, ya bi jirgin da ya kwashe 'yan Najeriya. A takardar da ya rubuto mini ya janye maganarsa, ya ce ba sai na amsa ba, ni kuma ban amsa ba, don ban san me zan rubuta da ba zai zama ƙarya ko alkawari ba. Haidar har yanzu in aka buga ƙofa sai ya miƙa wuya.

Ki gaya wa Inna an ɗaga bikin. Sauran ki san yadda za ki yi da ita.

Ƙanwarki,
Ummulkhair

*

Al Warƙa, Dubai
Mayu, 2021

Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Barka da salla, a gaida kowa da kowa.

Mun tare. Ɗaki uku ne da ɗan fili a baya. Haidar yana tura kansa daga falo har kicin ba mai taimaka masa, jiya ma ya fasa mini kofi. Hafsa ta koma kwana a ɗakinta. Gidan Satwa an rushe shi, ban je gani ba.

Moza tana zuwa duk Juma'a. Wannan Juma'ar muna tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mutumin nan na Al Ras, yana salla?" Na ce yana yi. Ta ce, "In zai zauna a nan, ba ya kai ku can ba, ki ce ya zo ya ci abinci Sa'id ya gan shi. Ban yi alkawarin komai ba. Alƙali ma yana da nasa bakin." Daga nan ta koma maganar tsadar kifi.

Ban aika masa ba tukuna. Jirage ma ba sa tashi tsakaninmu yanzu, kuma zuciyata ba ta manta bara ba. Ina tsoron in taɓa abin da ya zauna da ƙyar.

Duk da haka, Yaya, in hanya ta bi da ke ta Ƙoƙi, ki duba mini ko ya yi aure.

Taki har kullum,
Ummu